Askin da Bappa Ya Yi wa Masara

Mutanen Beli, a ƙasar Rogo, sun san Bappa da hali biyu: ba ya tambaya sau biyu, kuma ba ya kai saniya mace kasuwa. Sunansa na yanka Muhammad, amma 'ya'yan 'yan'uwansa suka riƙa kiransa Bappa har sunan ya bi shi, yanzu ko limamin garin da Bappa ya san shi. Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa kamar kullum yana duba kofaton dabba. In ka gaishe shi zai amsa maka har ka gaji, ya tambayi gida da yara da gajiya da ruwa, amma a ce ya buɗe baki ya ce, "Ban gane ba, sake gaya mini," to wannan kam sai dai wani, ba shi ba.

A ruga aka haife shi, a bayan shanu ya girma, kuma wallahi ya san dabba. Daga tafiyar saniya yake gane tana neman bajimi. Shi ake aikawa a kira idan za a fiɗiye sa, domin hannunsa na da kyau, bai taɓa yi dabba ta kwanta ba. Yana yi yana gaya wa samari, "In kana so sa ya yi ƙiba, raba shi da sha'anin mata. Ƙarfinsa duk sai ya koma tozo." Ku riƙe wannan maganar tasa, don ita ce ta kai shi ta baro.

Garken da ya gada bai tafi rana ɗaya ba. Gonaki suka cinye makiyaya, burtali ya ƙuntace, ɓarayi suka kora masu yawa, ciwon huhu ya bi ta kan sauran. Da ƙura ta lafa, saniya ɗaya ce ta rage a turke, fara sol mai dogon ƙaho, wadda yake kira Raneye. Ba saniya ba ce kawai a wurinsa. Daga tsatson karsanar da mahaifinsa ya ba shi ranar suna ta fito, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika, har aka iso kanta. Muddin tana tsaye a turken nan, Bappa yana jin shi mai shanu ne da ya gamu da ƙaddara. In ta tafi, bai san sunan da zai kira kansa ba.

Ya koma noma da furfura a gemu, kamar yadda da yawa irinsa suka yi. 'Yar gonar da yake da ita ba ta kai su ko'ina, shi da matarsa Hajo da jikokinsu marayu da suke riƙo. Kowace shekara rumbu kan ƙare tun ruwa bai sauka ba, sai a kama akuya ko tunkiya a kai kasuwa a auno hatsi. A hankali awakin suka ƙare, tumakin suka bi su. Wata rana Hajo tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Malam, bana idan rumbu ya ƙare, babu abin kamawa sai ita." Ba ta ambaci suna ba, shi ma bai tambaya ba. Ya tashi ya je ya daɗe yana shafa wuyan saniyar.

A daminar shekarar nan wani kamfanin iri ya kama babbar gona kusa da su ya shuka masara. Wata safiya Bappa ya fita yankan ciyawa, sai ya ga abin da ya tsayar da shi cak. 'Yan ƙwadago ne birjik a cikin gonar, suna bi layi-layi suna zare kan masara, wato furen nan da ke tsayawa can ƙololuwarta, suna jefarwa ƙasa, tun bai gama buɗewa ba. Ya matsa ya yi sallama, ya tambayi ɗaya daga cikinsu dalili. Mutumin ya share gumi ya ce, "Haka aka ce mu yi, Baba. Iri mai kyau ake so." Tambaya ɗaya ke nan, ta Bappa ta ƙare. Ya roƙi kawunan da aka zubar, aka ba shi, ya kai wa Raneye ta ci har tana lumshe ido.

Ya lura kuwa cewa bayan kowane 'yan layuka akwai layin da aka bari da kansa a tsaye. Sai ya yi tsaki, ya ce a ransa ganda ce irin ta ɗan ƙwadago idan mai gona ya ba da baya. Da kaka ta yi ya sake bi ta wurin, ya ga goyon da masarar nan mai aski ta yi, manya-manya, cike da ƙwaya har baki. Nan take lissafi ya haɗu a kansa. Ashe fiɗiya ce! Masu ilimi sun gano abin da shi ya sani tun yana yaro: cire abin da ke shanye ƙarfi, jiki ya samu. Ya koma gida yana murmushi shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba.

Yana da amini a Kurugu ta ƙasar Ƙaraye, Badaru, manomi ɗan manomi. Tun zamanin iyayensu garken su Bappa ke sauka a gonar su Badaru bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, a ba Fulani dami. Shanun sun ƙare amma zumuncin bai ƙare ba, haka tsokanar. Badaru na da fili a inda ruwan dam ke kaiwa, yana noman rani. Da ya ji halin da ake ciki, ya yankar wa Bappa wani ɓangare, ya ce injin ban ruwa ma su riƙa amfani da shi tare.

"Sa tumatir, Agwai, kamar kowa," in ji Badaru, da sunan da ake tsokanar Fulani da shi.

"Tumatir ba ya zama tuwo, Kaɗo. Masara zan sa."

Da sanyi ya wuce ya shuka, ya kafa 'yar bukka a bakin gonar, ya kawo Raneye ya ɗaure a inuwa. Duk faɗin wurin nan tumatir ne da albasa da tattasai, babu mai karan masara ko ɗaya sai shi. Masarar kuwa ta karɓi wurin, ta tashi koriya shar, ta wuce kansa duk da tsayinsa. Idan ta nuna, za ta kai gidansa har sabon hatsi, Raneye ta zauna a turkenta. A cikin kwanakin nan ne ma ya ga alamar saniyar na neman namiji, ya ja ta a ƙasa, cikin ranar bazara, har wata ruga mai nisa inda ya san akwai bajimi mai kyau. Ya dawo ƙafafunsa sun kumbura amma ransa fes.

Ana haka Badaru ya faɗi a kan babur ya karye a ƙafa, aka kwantar da shi a gida hannun maɗori. Masara kuma ta fara fitar da kai.

Bappa ya yi bisimilla ya shiga. Shi ba ɗan ƙwadago ba ne, ba zai yi ganda a gonarsa ba. Kowace safiya yana bin layi yana zare duk kan da ya leƙo, har da na 'yan tsugunannun da ke bakin kwalbati bai bari ba. Ga shi bazara ce, ciyawa ta yi wuya, sai abin ya zame masa riba biyu: ya tara kawunan a gaban Raneye, ta ci ta yi ɓul-ɓul, gashinta har sheƙi yake. Hajo ta kawo masa fura wata rana, ta tsaya da ƙwarya a ka tana kallon gonar baki buɗe.

"Malam, wa ya yi mana wannan ta'asa?"

"Ni ne. Noman zamani ke nan."

"Ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin masara da aski ba."

"To yau kin gani."

Maƙwabcinsa na gona, Shitu mai albasa, shi ma ya leƙo ya riƙe haɓa. Ya ce su dai a saninsu sai gemun masara ya bushe ya yi baƙi ake yanke kai a ba dabbobi. Bappa ya ce da idonsa ya ga kamfani na yi tun yana ɗanye. Da Shitu ya ji an ambaci kamfani sai ya ja bakinsa, ya ce Allah ya sa alheri, ya koma kan albasarsa.

Abin da ya ƙara wa Bappa ƙarfin gwiwa shi ne gemun. Goyo ya fito a kowane kara, gemu ya zubo, kuma maimakon ya bushe kamar na kowa, sai ya yi ta tsawo, ɗanye shar, har yana lilo a iska. Bappa yakan kama shi ya auna da tafin hannunsa ya yi dariya. Idan gemu ya yi haka, ina ga abin da ke ciki?

Sai da Shitu ya je duba Badaru, ana hira, ya kawo labarin don a yi dariya. Badaru bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka ce me?" Shitu ya maimaita. Mutumin da maɗori ya hana ko taka ƙasa ya sa aka ɗora shi a bayan babur, ƙafa ɗaure da karare, sanda a hannu. Da suka iso bakin gonar ya ɗaga kai ya duba daga wannan ƙarshe zuwa wancan, bai ga kai ko ɗaya a tsaye ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Bappa! Duka? Duka ka cire?"

"Ko ɗaya ban bari ba," in ji Bappa, da alfaharinsa. "Zo ka ga gemu."

"Na gani, shi ya sa hankalina ya tashi. Ka san abin da ya sa yake tsawo bai bushe ba? Jira yake yi! Namiji yake jira, kai kuma ka kwashe mazan ka ba saniya ta cinye."

Bappa ya dube shi kamar zafin karaya ya taɓa masa kai. "Wane irin namiji kuma a jikin kara?"

Badaru ya zauna a kan kunya, ya miƙe ƙafar, ya sa Shitu ya karyo goyo ɗaya. Badaru ya karɓa ya ɓare shi a hankali. A ciki babu komai sai farar totuwa da 'yan ƙurajen da ba su zama ƙwaya ba, kowanne da silin gemu ɗaya manne da shi. Ya ce, "Dubi nan da kyau. Masara mace da namiji ne a kara ɗaya. Namijin shi ne kan da ke sama. Macen ita ce wannan goyon da ke ƙugu. Idan kan ya buɗe, yana zubar da wani gari rawaya, bununi, wanda yake bi maka riga in ka ratsa gona da hantsi. Iska ke kaɗo shi ya sauka a kan gemu. Kowane sili ɗaya hanya ce zuwa ƙwaya ɗaya. Silin da ya samu, ƙwayarsa ta cika, shi kuma ya bushe don ya gama aikinsa. Wanda bai samu ba, haka zai yi ta tsawo har ya gaji ya mutu, totuwa ta tashi fayau."

"Subhanallahi," in ji Bappa. Muryarsa ta yi ƙasa. "Tsiro ma?"

"Tsiro ma. Ba ka ga kabewa na yin fure iri biyu ba, wani da 'yar kabewa a gindinsa, wani babu, zuma na yawo tsakaninsu? Ba ka ga gwandar da ke fure shekara da shekaru ba ta taɓa 'ya'ya ba? Duk sha'anin ɗaya ne."

"Amma kamfani..."

"Kamfani sun bar wasu layuka da kansu ko ba su bari ba?"

Nan take Bappa ya tuna. Ya ga layukan nan a idonsa tar, tsaye da kawunansu, waɗanda ya yi wa tsaki.

"Waɗannan su ne bajimansu," in ji Badaru. "Iri biyu suke haɗawa. Sun fiɗiye na gida ne don na layin can ya yi barbara, ba don goyo ya yi ƙiba ba. Haba Bappa! Da damina ce ma, da gonakin maƙwabta sun rufa maka asiri. Nan kuwa albasa ce za ta ba ka bununi? Kai da ka ja saniya yini guda cikin rana kana neman mata namiji, kai ne za ka fiɗiye garke kaf ka zauna jiran maraƙi?"

Wannan maganar ce ta shige shi. Da boko aka yi masa da ya musa, amma da yarensa aka gaya masa. Ya durƙusa a cikin laka. Ya waiwaya wajen inuwa, ga Raneye tana tuƙa hankali kwance, ragowar busassun kawuna a gabanta. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da ɓarayi suka shigo ruga, don wancan karon wasu ne suka yi masa. Kuma a ranar, a gaban Shitu, mutumin da ba ya tambaya sau biyu ya ce, "Badaru, sake gaya mini. Babu abin yi?"

Badaru ya murza gemun a yatsunsa. Ya ce tun da bai mutu duka ba, in za a samu masara mai kai a buɗe a wani wuri, a yanko da safe a zo a kakkaɓe a kai, wataƙila a tsira da wani abu. Amma bununi ba ya jure rana, kuma gemun ya tsufa.

Washegari Shitu ya ɗauki Bappa a babur suka shiga neman masara a tsakiyar bazara. Suka bi bakin ruwa, suka bi ƙauyuka, ana yi musu kallon waɗanda suka zautu. Inda aka shuka, ko ba ta kai ba ko ta wuce. Sai a Daura ta Ƙaraye suka hango 'yan karare a bayan wani gida, inda ruwan rariya ke fita, kawunansu a buɗe. Suka yi sallama, wata dattijuwa mai suna Lami ta fito. Bappa ya gaishe ta gaisuwa mai tsawo, sannan ya sunkuyar da kai ya ce kan masararta ya zo roƙo.

"Kan masara? Ba goyon ba?" Ta dubi Shitu, ta dubi Bappa. "Bawan Allah, magani aka ce ka kawo?"

"Aure zan ɗaura, Iya," in ji shi, kuma babu wasa a fuskarsa.

Da Shitu ya yi mata bayani ta tafa hannu ta yi salati, ta ce ya yanka amma ya bar mata biyu, kada ita ma a mayar da nata zawarawa. Bappa ya yanko kawunan ya zuba su a ƙwarya ya rufe da faifai, ya rungume a ƙirji. Kafin su iso rana ta take. Ya bi kararen da ke bakin hanya yana kakkaɓa kawunan a kan gemu ɗaya bayan ɗaya, yana addu'a. Kawunan suka ƙare bai gama ko layi biyu ba.

Duk da haka bai fasa ban ruwa ba. Mutum da fata, ya ce ko Badaru ya yi kuskure. Ranar da aka shiga karya masarar, Hajo ce ta ɓare na farko. Fayau. Ta ɓare na biyu, na uku, ta shiga tsakiyar gona ta karyo wanda ya fi kowanne girma, ta yage ɓawon da ƙarfi. Farar totuwa ce, santsi kamar an wanke. Ta saki ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Allah! Malam, duk gonar nan? Duk ruwan nan da ka sha wahalar ja?"

Bappa ya sake karyo wani. Ya ci gaba da ɓarewa har la'asar, ko da ya san abin da zai gani. A layuka biyun nan na bakin hanya ne kawai aka samu masu ƙwaya, ita ma jefi-jefi kamar haƙoran tsohuwa. Da aka murje duka, ko ƙwaryar da ya ɗauko kawunan a ciki ba ta cika ba. Hajo ta ƙulle a tsumma ta ce wannan iri ne, ba za a ci ba.

Badaru ya aiko da abin da ya samu, Shitu ma ya kawo, amma kowa bazara ta matse shi, kuma bakin yara ba ya jiran kaka. Ruwa ya sauka, rumbu ya ƙare. Ranar da ƙaramar jikar ta kwana tana kuka, Bappa ya tashi bayan sallar asuba ya kwance Raneye. Hajo ta shige ɗaki don kada ta gani.

A kasuwar shanu, Zubair dillali, wanda ya san shi tun yana da garke, ya hango shi ya miƙe tsaye. "Kai! Bappa ne da mace a hannu? Yau me ya faru a duniya?" Mutane suka waiwayo, waɗanda suka san shi suka yi cirko-cirko. Zubair ya zagaya saniyar, ya danna kwiɓinta, ya ɗago da sauri.

"Bappa, ciki gare ta fa."

"Na sani. Ni na kai ta."

Ba a daɗe ana ciniki ba, don babu irinta a kasuwar ranar. Sauran shanu duk ƙashi ne da fata, ita kuwa sai sheƙi take. Wanda ya saya, wani mai kiwo daga nesa, ya yi ta shafa bayanta yana jinjina kai. Ya ce, "Baba, don Allah gaya mini sirrin. A bazarar nan da babu ko tsinke, me ka ba ta ta yi kyau haka?"

Bappa ya dubi Raneye. Sannan ya ce, "Abincin gidana ta ci, tun yana fure."

Mutumin ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce irin ta Fulani. Bappa ya kwance igiyarsa daga wuyanta, don ba a sayar da dabba da igiya, ya naɗe a hannu. Da aka ja ta ta yi kuka sau ɗaya, irin wanda take yi in ta hango shi da ciyawa. Bai waiwaya ba.

Ya auno masara a kasuwar, aka ɗora a babur aka kai gida. Yara suka yi ta murna, Hajo ta hura wuta. Da magariba ta kawo kai ta fito kiransa cin tuwo, ba ta same shi a tabarmarsa ba. Can ta hango shi a bayan ɗaki, ya rungumo ɓawon masarar nan da ya kwaso daga gona ya adana, ya kawo har gindin turke kamar yadda ya saba kowace yamma. Ya zube shi a wurin, ya tsaya da igiya a kafaɗa. Hajo ta koma ta rufe masa tuwonsa.